Asabar ɗin da muka yi ta tariyo tsallen Tom Cruise

Yau ban taka ko ƙofar gida ba. Ƙanena ya zo da hantsi wai zai ari kwamfutata, sai ya tarar ina kallon Mission: Impossible – Fallout, wanda ya fito a 2018. Ya ja kujera ya zauna, daga nan musu ya cinye mana yinin.

Abin da ya tayar da musun shi ne wurin nan da Tom Cruise yake sheƙa gudu a kan rufin gidaje a Landan, ya daka tsalle daga wani gini zuwa wani. Yaron ya taɓe baki ya ce, "Yaya, kai ma ka san duk haɗin kwamfuta ne. Wa zai yi wannan da ransa?" Na ce masa a wannan tsallen ne mutumin ya karya idon sawunsa, a watan Agustan 2017, yana da shekara 55, har aka dakatar da ɗaukar fim ɗin na makonni. Ya ce sai ya gani. To, gani ya kori ji. Muka nemo bidiyon bayan fage, muka rage masa gudu, muka bi shi a hankali. Tsarin shi ne ya daki bangon da ƙirji, ya kama gefen rufin, ya ɗago kansa. Sai ƙafa ta riga ƙirji isa. Ana ganin tafin ƙafar ya daki bango ya lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Duk da haka ya ja jikinsa ya hau, ya wuce gaban kyamara yana ɗingishi, kuma da wannan ɗaukar aka yi amfani a fim ɗin. Ƙanena ya kama nasa idon sawun yana yatsina fuska kamar shi aka karya.

Amma bai sallama ba. Ya nuna allon da yatsa ya ce, "Ai ga igiya nan a bayansa." Gaskiyarsa, akwai igiya, kuma an goge ta da kwamfuta kafin fim ya fita. Nan na fahimci tun ɗazu muna cakuɗa tambayoyi biyu ne. Ta farko, shin ɗan Adam ya yi abin da jikinsa? Ta biyu, shin jarumin da ke cikin labarin, wanda ba shi da igiya ba shi da likita a gefe, zai yi abin ya tsira? Sau da yawa amsar ta farko eh ce, ta biyu kuma a'a.

A wani fim na Mission: Impossible da ya fito a 2011, Cruise ya rataya a jikin Burj Khalifa na Dubai, ginin da tsayinsa ya kai mita 828. Da gaske yana can waje, iska tana kaɗa shi, amma igiyoyi ne suke riƙe da shi, ba safar hannu mai manne wa gilashi da aka nuna a labarin ba. A wanda ya fito a 2015 kuma, ya maƙale a gefen jirgin soja samfurin Airbus A400M yana tashi sama, har sau 8 aka maimaita. An ɗaure shi da ɗamara a ƙarƙashin kwat, an sa masa wani gilashi na musamman da ke rufe ƙwayar ido gaba ɗaya don ya iya buɗe ido a cikin wannan iskar, kuma babban abin tsoron masu aikin shi ne tsuntsu ko tsakuwa ta buge shi. Na tsayar da hoton a daidai fuskarsa. Fatar kumatunsa ta koma baya tana kaɗawa, gashin ya kwanta, wuyan kwat ɗin yana fizgewa. Wannan shi ne abin da ake sayen sa da kasada. Idon mai kallo ya san nauyi, ya san yadda iska take yi wa fata da tufafi, ko da mutum bai iya bayyana abin da ya gani ba. Shi ya sa wurin da James Bond yake hawa igiyar ruwa a Die Another Day na 2002, wanda aka haɗa da kwamfuta, har yau ake yi masa dariya. Mutumin ba shi da nauyi, yawo kawai yake yi a kan hoto.

Da rana muka koma finafinan Bond, don can ne tarihin abin yake. Na nuna masa farkon GoldenEye na 1995, inda Wayne Michaels, wanda ya yi tsallen a madadin jarumin, ya faɗo daga madatsar ruwa ta Verzasca a Suwizalan, mai tsayin mita 220, igiyar roba ɗaure a ƙafarsa. Ba wayo, ba haɗi, mutum ne ya saki jikinsa. 'Yan mintuna kaɗan bayan wannan, a fim ɗin dai, Bond ya bi jirgin da ya faɗa daga kan tsauni, ya cim masa a sararin sama, ya shiga, ya ɗago shi. Ƙanena ya kwashe da dariya har da buga cinya. Ni kuwa haushi abin ya ba ni, don sun sa gaskiya da ƙarya a faranti ɗaya, ƙaryar ta rage wa gaskiyar daraja.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne hatsarin mota na Casino Royale, 2006. Motar Aston Martin ce, kuma an ƙera ta da daidaito sosai, ta yadda da aka hau da ita kan ɗan tudun da aka shirya don ta kife, sai ta ƙi. Dole aka ɗaura mata wata na'ura mai harba sandar ƙarfe ƙasa da ƙarfin matsattsiyar iska, ita ce ta cilla motar. Adam Kirley ne a ciki, motar ta wuntsila sau 7, har ta shiga kundin bajinta na Guinness. Abin da ya burge ni shi ne, don a nuna hatsari na gaske sai da aka tilasta wa motar yin abin da ba ta so. Direban yana cikin kejin ƙarfe, da hular kwano, da bel mai riƙe kafaɗu. Bond kuwa yana cikin kwat ɗin zuwa liyafa. Amma na yaba wa fim ɗin abu guda: ba su bar shi ya fito yana gyara wuyan riga ba. Jawo shi aka yi daga cikin motar, ba ya ko iya tsayuwa.

Kuma nan ne ainihin ƙorafina yake. Igiyar da aka goge ba ta dame ni ba, ba na son a kashe kowa don in ji daɗin kallo. Abin da ba na yafewa shi ne jikin da ba ya biyan bashi. Wanda ya faɗo daga mita 10, wato kamar bene mai hawa uku, yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 50 a awa. A fim sai ya mirgina sau ɗaya ya miƙe ya ci gaba da gudu. Tagar da ake ratsawa da kafaɗa ba gilashi ba ce, wani abu ne mai saurin farfashewa da ake haɗawa don fim, da an yi shi da sukari, yanzu da wani irin roba. Gilashin gaske yanka yake yi har jijiya. A buga wa mai gadi gindin bindiga a ƙeya ya sume na rabin awa, ya farka yana sosa kai, alhali suma mai tsawo haka alama ce ta mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Bindiga mai salansa kuma ba 'yar ƙaramar "fit" take yi ba, rage ƙarar kawai ake yi, na ɗakin kusa zai ji ta sarai. Ƙanena ya ce, "Yaya, in aka bi taka ai fim zai ƙare a minti goma, jarumi yana gadon asibiti." Na ce ban ce a kwantar da shi ba. Ya yi ɗingishi mana, ya kasa ɗaga hannu, numfashinsa ya sarƙe. Ɗingishin nan na Landan ya fi fashewar bam goma tayar min da hankali.

Kafin magariba na nuna masa fim ɗin Bond na 1974, The Man with the Golden Gun. Mota ta hau karyayyar gada a Tailan, ta juya a sama zagaye guda cif, ta sauka a kan tayoyinta a ɗaya gaɓar. Sai da aka lissafa gudun da karkatar gadar da kwamfuta, a zamanin da kwamfuta ba kayan gida ba ce, kuma a ɗauka ɗaya direban, Loren Willert, ya yi ta. Sai kuma aka ɗora wa wurin wani sautin usur na wasan yara. Mutum ya sa ransa a kan lissafi, aka mayar da shi abin barkwanci. Duk wanda na tambaya ya san sunan Roger Moore da ya fito a matsayin Bond, ba wanda ya san na direban. Sai a 2025 masu ba da kyautar Oscar suka sanar cewa za su ware wa masu tsara irin wannan aiki kyauta tasu, kuma sai a bikin 2028 za a fara, wato biki na 100. Sun daɗe suna barci.

Bayan isha'i, ya riga ya koma, sai ga saƙonsa a waya. Ya turo guntun bidiyon Live and Let Die na 1973, inda Bond yake taka bayan kadoji yana tsallake ruwa, ya rubuta, "Wannan kam ba za ka ce min gaske ne ba." Na ce gaske ne. Ross Kananga ne ya yi, mai gonar kadojin a Jamaika, sai a gwaji na 5 ya tsallake, kuma a ɗaya daga cikin na baya kada ya cafki ƙafar wandonsa. Ya sake rubutowa, "To ai ɗaure su aka yi."

Na ce an ɗaure su don kada su matsa daga wurin, amma ba a ɗaure musu baki ba.