Hantar barakuda da abin da na ɗauko daga jirgin kamun kifi

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa tabarau na nitso da safar hannu, na sauka daga jirgin da na yi shekara 4 ina aiki a cikinsa. Waɗanda muka sha rana tare sun san dalili, ba sai na maimaita ba. Amma akwai yara biyu da aka ɗauka watan jiya, kuma na tabbata babu mai zaunar da su ya gaya musu abin da ya faru a shekarata ta biyu. Saboda su nake wannan rubutu.

Mun fita gefen duwatsun murjani ne, daidai inda ruwa ke zurfafa farat ɗaya. Da la'asar fatsa ta kamo barakuda ƙatuwa, wato kifin teku mai dogon jiki da kaifin haƙora, ta haura kilo 12. Dattijon da ya koya mini nitso, wanda duk muke kira Baba, ya dube ta ya ce, "Maigida, a mayar da wannan ruwa. Manyan wannan gefen ba a cinsu." Maigidan jirgi ya ja tsaki, ya ce shi bai ƙona mai don ya ciyar da teku ba. Sai ya juyo kaina: "Kai yaro, feɗe ta. Jiki na sayarwa ne, kai da hanta ku dafa ku ci." Da kunnena na ji maganar Baba. Da idona na ga ya janye kwanonsa gefe. Duk da haka na feɗe, na dafa, na zuba wa mutum biyar, ni ne na shida. Ban ce uffan ba, don kada a ce sabon yaro ya cika iyayi.

Kafin dare ya raba, amai da gudawa sun kwantar da mu duka. Da asuba leɓɓana da yatsuna suka ɗauki wani irin zuwwa, kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. Na sa hannu cikin akwatin ƙanƙara na ji kamar na damƙi garwashi. Haƙorana kuwa sai na riƙa jin kamar za su zube. Ɗaya daga cikinmu bugun zuciyarsa ya yi ƙasa sosai har ya yanke jiki ya faɗi, sai da aka kwantar da shi asibiti. Ni na yi wata biyu ina sosa jiki. Shi ya fi haka, kuma har ya bar aikin, duk sanda ya ci kifi sai ciwon ya motsa masa.

A asibitin ne likita ta faɗa mini sunan abin: siguwatera. Gubar ba daga kifin take farawa ba. Wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, Gambierdiscus, wadda aka raɗa wa suna daga tsibiran Gambiye na tekun Fasifik, take manne wa ciyayin da ke kan murjani. Ƙananan kifaye su ci ciyawar, manya su ci ƙanana, gubar tana taruwa tana hawa sama. Shi ya sa manyan kifaye mafarauta irin barakuda da gurufa da kifin nan mai kama da maciji mai suna more suka fi ɗauke da ita, kuma ta fi yawa a hanta da hanji da ƙwai da kai, wato ainihin abin da na dafa. Wuta ba ta kashe ta. Ƙanƙara ba ta kashe ta, gishiri da hayaƙi ma haka. Ba ta da wari, ba ta canza ɗanɗano. Ba sabon abu ba ne kuma, tun a 1774 mutanen jirgin Kyaftin Kuk suka kwanta da irin waɗannan alamu a kudancin Fasifik bayan sun ci kifi. Baba bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba, amma ya san gefen da ba a ci.

Abin da ya fi ciwon ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Maigida ya tara mu ya ce ni na bar kifi a rana ya lalace, ya yanke mini albashin wata. Ya san ba haka ba ne. Gubar kifin da ya lalace daban take: cikin minti kaɗan zuwa awa ɗaya take bayyana, fuska ta yi ja, kai ya yi ciwo, galibi kafin washegari ta wuce, kuma ba ta mayar wa mutum sanyi zafi. Na faɗi haka a gaban kowa. Ya ce, "Yaushe ka zama likita?" Babu wanda ya tanka, har Baba. Laifina na yarda da shi, ni na riƙe wuƙa kuma na ji gargaɗi. Amma jikin kifin an sayar da shi tun da safe muna kwance, kuma ba ni na sayar ba. Duk wanda zai shugabanci jirgi ya sani cewa mutanensa na iya yin shiru a gabansa, amma ba sa mantuwa.

Lobsta mai faɗin kai, wata halittar teku mai ɓawo dangin kaguwa wadda ake wa laƙabi da silifa, ita ta sa na ƙara shekara 2 ban tafi ba. Ina son kamunta. Ba ta da almakashin hannu irin na kaguwa, eriyarta faffaɗa ce kamar shebur, launinta ya saje da dutse har sai ka wuce ta sau uku ba ka gani ba. Da rana tana maƙale a rufin kogo, cikinta na kallon sama, don haka mai dubawa ƙasa kawai zai dawo hannu rabbana. Da dare take fitowa kiwo. Ka danne ta da tafin hannu daga baya, in ba haka ba ta kaɗa wutsiya sau ɗaya ta ɓace da baya-baya. Naman duk a wutsiya yake, fari ne mai zaƙi, ba ya son doguwar dahuwa. Tana saurin lalacewa da zarar ta mutu, saboda haka ko a riƙe ta da rai ko ta shiga ƙanƙara nan take.

Kafin ka jefa ta jaka, juya ta. In ka ga ƙwai ruwan lemo manne a ƙarƙashin wutsiya, mayar da ita raminta. 'Ya'yanta sai sun yi watanni suna shawagi a buɗaɗɗen teku kafin su sauko ƙasa, kaɗan ne ke kai labari. Sau biyu Maigida ya ce in goge ƙwan da buroshi don kada a gane. Sau biyun na ƙi, ina kallon idonsa. Bayan barakudar nan bakina ya buɗe.

Sauran shawarwarin gajeru ne. Kada ka zura hannu ramin da ba ka haska ba, more na ciki. Kada ka yi nitso kai kaɗai, mai riƙe numfashi yakan suma ne daf da fitowa saman ruwa. Ƙayar kifin dutse ko kifin zaki ta soke ka, ruwan zafi daidai wanda fata za ta iya jurewa, sannan asibiti. Kada ka tsaya a kan murjani, rayayye ne.

Ƙannena biyu, jakata ta raga tana rataye bayan injin, na bar muku. Idan aka sake fita wancan gefen, ku zauna kusa da Baba lokacin cin abinci, ku duba abin da ya zuba a kwanonsa.