Kwana Tara a Bakin Tekun Zanzibar

Kafin watan Yulin 2025, ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a gabansa shi ne na madatsar Dadin Kowa da ke jihar Gombe, wanda na fi sabawa da shiga kuwa shi ne na Wikki a Yankari, inda mukan kai yara idan an yi hutun makaranta. Ni haifaffen Bauchi ne, a nan na yi karatu, a nan nake aiki, kuma a cikin shekara ashirin da 'yan kai da na yi ina aikin gwamnati ban taɓa yin hutun da ya amsa sunansa ba, domin duk hutun da na karɓa a wajen biki ko ta'aziyya ko gyaran gida yake ƙarewa. Uwargidana ce ta fara kawo maganar tafiya, bayan likita ya gwada ni ya ce jinina ya hau, kuma magani kaɗai ba zai wadatar ba sai na rage wa kaina ɗawainiya. Shekara biyu muka yi muna zubin adashi kafin kuɗin su taru.

Mun zaɓi Zanzibar ne saboda dalilai biyu. Na farko, tsibiri ne a cikin Tekun Indiya wanda bai fita daga Afirka ba, yana ƙarƙashin ƙasar Tanzaniya tun haɗewarsa da Tanganyika a 1964. Na biyu, mafi yawan mutanensa Musulmi ne, don haka ba mu da fargabar yankan nama ko neman masallaci. Takardu ne suka fi ba mu aiki, saboda ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira hukumar shige da ficen ƙasar ta amince, kuma tamu ta ɗauki makonni. Akwai katin rigakafin shawara, akwai kuma inshorar dole ta dala 44 da gwamnatin tsibirin ta ɗora wa baƙi tun watan Oktoban 2024. Wanda ya sayi tikiti kafin bizarsa ta fito ya yi ganganci da kuɗinsa. Mun shiga mota zuwa Kano, daga nan jirgi ya kai mu Addis Ababa, muka canja wani zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume.

Na sauka da takarda a aljihu wadda na jera wurare goma sha huɗu da nake son gani, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Kwana biyun farko a tsohon birnin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, bin wannan takarda muka yi ta yi. Lungunansa matsattsu ne har mota ba ta shiga da yawa daga cikinsu, ƙofofin gidajen na katako ne masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, kuma kusan kowace kwana akwai masallaci. Mun ga babban gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda suke kira Beit al-Ajaib, amma daga waje kawai, domin wani sashensa ya rushe a ƙarshen 2020. Wurin da ya tsayar da ni shi ne majami'ar da aka gina a inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873. Na shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, na fito jikina a sanyaye, kuma na daɗe ban yi magana ba, domin tarihin bauta ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu ma.

Harshen Suwahili ya ba ni mamaki ƙwarai. Suna cewa habari inda muke cewa labari, asubuhi a madadin asuba, sabuni a madadin sabulu, kuma hamsini da sitini da Alhamisi duk ba su bukaci tafinta ba, saboda mu da su rijiya ɗaya muka ɗebo, wato Larabci. Amma agogonsu ya bambanta da namu, domin daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i. Direban da zai kai mu gonar kayan ƙamshi ya ce zai zo da saa mbili, na ɗauka ƙarfe biyu na rana yake nufi, sai ga shi ƙarfe takwas na safe yana jiranmu a ƙofar masauki. Daga ranar na koyi nuna wa mutum agogo kafin mu rabu. A gonar ne na fara ganin bishiyar kanumfari, wanda a ƙarni na 19 arzikin tsibirin ya dogara da shi, na ga kuma cewa kirfa ɓawon itace ce, masoro kuma jikin wata bishiyar yake naɗewa yana hawa. Shekara da shekaru muna sayen waɗannan abubuwa a kasuwar Muda Lawal a ƙulle cikin leda ba mu san kamannin uwarsu ba.

Da dare mukan je lambun Forodhani a bakin ruwa, inda masu abinci suke kafa tebura bayan magariba. Akwai mishkaki, wanda ɗan'uwan tsirenmu ne sai dai babu ƙuli-ƙuli, akwai urojo, wata miya mai tsami da ake zuba wa dankali da ƙosai a ciki, akwai kuma ruwan rake da ake matsewa a gaban mutum tare da citta da lemon tsami. Wannan ruwan raken ban sha abin da ya kai shi daɗi ba a duk tafiyar. Abu biyu na koya a wurin, ɗaya da kuɗina, ɗaya da cikina: a tambayi farashi kafin a ɗora abu a wuta, kuma kada a ci kifin da aka gasa tun ɗazu aka jera a tebur, a zaɓi ɗanye a tsaya a gasa shi.

A dare na biyu, muna komawa masauki ƙafafunmu sun kumbura, uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wannan fa ba hutu ba ne, rangadi ka fito. Likita hutawa ya ce ka yi." Ban ba ta amsa ba, amma maganar ta zauna mini.

Daga nan muka nufi Nungwi a ƙarshen arewacin tsibirin, inda na kama mana ɗaki na kwana uku a wani babban otal irin wanda ake biyan kuɗin kwana da ci da sha gaba ɗaya. A nan ne na fara tsayawa a gaban teku sosai. Yashin fari ne tas, mai laushi kamar garin alkama, ruwan kuma kusa da gaɓa kore-kore ne, can nesa ya koma shuɗi mai duhu, kuma babu tsallaken da ido zai hango. Na tsaya na yi tasbihi, domin abin da na karanta game da girman halittar Allah ranar ne na gan shi da idona.

Sai dai otal ɗin kuskure ne a gare mu, kuma ina son in yi bayanin dalili, saboda duk Bahaushen da zai yi irin wannan tafiya zai gamu da shi. Kuɗin da ake biya a irin wannan masauki an haɗa ne har da abin sha, babban kaso na abin shan kuwa giya ce, musamman ta inabi, ja da fara, wadda ake kawowa teburin cin abinci rana da dare. Ma'aikacin da ke kula da teburinmu, wani saurayi Musulmi mai ladabi, ya gaya mini cewa mafi yawanta daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita, ko da yake a yankin Dodoma na Tanzaniya ma ana noman inabi ana yin ta. Mu ba ma sha, kuma babu wanda ya matsa mana ko ya yi mana kallon banza, amma a lissafi mun biya kuɗin abin da ba mu taɓa ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne girki. Masu dafa abincin Turawa sukan zuba giyar inabi a miyar kifi da ta nama da wasu kayan zaƙi, kuma ba kullum ake rubutawa a jikin kwanon ba. Saurayin nan ne ya ja hankalina a daren farko, ya ce, "Baba, wannan ka bar shi, ga wancan." Tun daga lokacin ba na ɗibar abinci mai romo sai na tambaya.

Duk da haka na amfana da wani abu a teburan nan. Na lura da wasu tsofaffin Turawa, miji da mata, da suke zama kusa da mu. Kofi ɗaya ne a gaban kowannensu, amma sukan yi sa'a biyu a kansa, suna ci kaɗan-kaɗan, suna hira, suna kallon rana tana faɗawa cikin ruwa. Na gane cewa abin da suke morewa zaman ne da rashin gaggawa, kuma wannan ba ya bukatar abin da ke cikin kofinsu. Ni kuwa na saba cin abinci cikin minti goma, waya a hannun hagu. Washegari muka sa aka kawo mana ruwan tsamiya mai sanyi, wanda suke kira ukwaju, muka zauna daga la'asar sakaliya har aka kira magariba, kuma a wannan zaman ne ni da uwargida muka yi wata hira game da 'ya'yanmu da tsufanmu wadda mun fi shekara goma ba mu samu sukunin yin irinta ba.

Kwana huɗun ƙarshe a Jambiani muka yi su, wani ƙauyen masunta a gabashin tsibirin, a ƙaramin masauki mai ɗakuna kaɗan wanda kuɗinsa bai kai rabin na otal ɗin ba. A nan na ajiye takardata da wurare shida da ban je ba, har da tsibirin manyan kunkuru da kowa yake magana a kai, kuma ban yi nadama ba.

Tekun gabas yana da wata ɗabi'a da ban sani ba sai da na gani. Sau biyu a yini yake cika ya janye, kuma idan ya janye yakan yi nisa har mutum ya yi tafiya mai tsawo a kan jiƙaƙƙen yashi kafin ya iske ruwan da ya kai gwiwa. Jan da wata yake yi wa ruwan ne ke haddasa wannan, shi ya sa lokacin yake yin jinkiri da kusan minti 50 kowace rana, kuma ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Mu da muke lissafi da watan Musulunci ba mu da wahalar gane shi. Rayuwar ƙauyen gaba ɗaya a kan wannan take tafiya. Idan ruwa ya janye, mata sukan shiga da zannuwansu su duba gonakin ciyawar teku da suke ɗaurewa a igiyoyi tsakanin turaku, su tsinko wadda ta isa su shanya. Idan ya dawo, masunta su tura kwale-kwalensu. Ba mai iya gaggauta shi. Wanda yake son wanka sai ya jira, ni ma na koyi jira, ina zaune a inuwar kwakwa babu abin da nake yi, abin da a da nake ɗauka lalaci ne. Shawara ɗaya ga mai shiga: ya sa takalmin roba, domin akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya a cikin duwatsun, kuma na ga wani baƙo da ta soke shi yana ɗingishi kwana biyu.

Abincin Jambiani shi ne mafi daɗin da na ci. Wata dattijuwa ce ke girki a masaukin, kuma da safe ake gaya mata abin da ake so, ta aika a sayo daga hannun masunta. Ta yi mana kifi a cikin madarar kwakwa, ta yi mana pilau, wato dafa-dukar shinkafa mai kanumfari da kirfa, ta yi mana jatan lande da lemon tsami. Ranar da ta kawo pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas, uwargida ta kau da kai, ni kuwa na tuna cewa a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, na yi bisimilla na ci. Namansa ya yi kama da ƙundun kaza da ya dahu sosai, kuma sai da na ƙara. Bayan sallar asuba, wadda limaminsu yake bayyana bisimilla da alƙunutu a cikinta bisa mazhabar Shafi'iyya, nakan tsaya wajen mai gahawa a ƙofar masallaci in sha a ƙaramin finjali tare da dattawan ƙauyen, ba ma jin harshen juna sosai, amma gaisuwa da murmushi sun ishe mu.

A safiya ta biyu dattijuwar ta ajiye mana faranti, muka duba muka ga masa. Uwargida ta kama baki. Suna kiranta vitumbua, da ƙullun shinkafa da yis ake yin ta, a tanda mai gurabu irin tamu sak, bambancin kawai su da madarar kwakwa suke dama ƙullun, su sa sukari da wani ɗan ƙamshi da suke kira iliki, kuma da shayi ake ci, ba da miyar taushe ko ƙuli-ƙuli ba. Mu mutanen Bauchi da muke alfahari da masarmu ba mu zaci za mu same ta a tsakiyar Tekun Indiya ba. Uwargida ta shiga madafa ta zauna tare da ita, ɗaya tana Hausa ɗaya tana Suwahili, hannuwa suna fassara, har ta nuna mata yadda muke haɗa dafaffiyar shinkafa a cikin ƙullu don masa ta yi taushi.

Da muka dawo gida na je aka sake gwada jinina, ya sauka kaɗan, likita ya ce in ci gaba da shan magani. Ranar Juma'ar da ta biyo baya uwargida ta aike ni kasuwar Wunti na sayo kwakwa uku, ta goge ta tace, ta dama ƙullun masa da ita, ta barbaɗa ilikin da muka taho da shi. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, na bar wayata a ɗaki, yara suka kewaye farantin, kuma ba mu tashi ba sai da ladan ya kira magariba.