Laraba: tsakuwa uku a kwano ɗaya

Tun daren jiya na san yau ba za ta zo da sauƙi ba. Ranar Litinin Alhaji mai injin shinkafa ya aiko mana ɗan buhu mai kilo 10, ya ce mu ɗanɗana kafin mu gama masa talla, Maigida, wato shugaban ofishinmu na talla, ya ce mu raba. Na kai kasona gida, Inna ta zuba kwano ɗaya a faifai tana tsinta, don ita ko an rantse mata gyararriya ce sai ta duba. Ba ta ce uffan ba. Sai da ta gama ta miƙo mini tafin hannunta: tsakuwa uku, biyu farare kamar ƙwayar shinkafar, ɗaya baƙa. Ni kuwa a jakata ga takardar da na rubuta da hannuna, layinta na farko yana cewa “Babu tsakuwa ko ɗaya.” Na ƙulle su a gefen leda na kwanta, barcin dai sama-sama.

Da safe hazo ya rufe Birnin Kebbi, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni daga Badariya ya naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani. Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman bene kusa da titin Ahmadu Bello. Mu biyar ne. Maigida ya yi shekaru a gidan rediyo kafin ya buɗe wurin, shi ne mai nemo aiki, shi ne mai bin bashi. Sai mai zanenmu, wanda ya gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, sai mai ɗaukar hoto da bidiyo, sai wani ɗalibi da ya zo koyon aiki, sai ni mai rubuta kalmomi. Na tarar babu wuta, mai zane ya rage hasken kwamfutarsa don batirin sola ya kai mu azahar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba ma tada janareta sai ranar da za mu naɗi murya.

Na ajiye ledar a teburin Maigida na kwance ta. Ya duba, ya dube ni, ya gane ba sai na yi bayani ba.

“A nawa kika samu?”

“Kwano ɗaya, Maigida.”

Ya daɗe shiru. Na san lissafin da yake yi, don ni ma na yi shi a daren jiya. Alhaji ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, cikon kuma shi ne albashinmu na wannan wata. Aikin ba ƙarami ba ne a wurinmu: tallar rediyo ta minti ɗaya, zanen buhu, fasta, da ɗan bidiyon da za a sa a Facebook da WhatsApp. Irin wannan ba kullum yake zuwa ba. Yawancin kwanakinmu katin biki ne da kalanda da allon shago, sai lokacin zaɓe ya zo a yi ta buga fuskokin mutane. Kuma Alhaji da bakinsa ya ce abu ɗaya yake so kowa ya ji: babu tsakuwa. Dalilinsa a fili yake. Tun ina yarinya, abin da ake ƙi da shinkafa ’yar gida ke nan, shi ya sa mutane suka riƙa bin ’yar waje ko da ta fi tsada.

Mai bidiyo ya ce ai duk talla haka take, wa ya taɓa jin mai nono ta ce nata da tsami? Na ce masa kirari daban, alkawari daban. In na kira shinkafar Alhaji sarauniyar fadama, kowa ya san kirari ne, kamar yadda maroƙi ke kiran mutum giwa ba wanda ya je neman haure. Amma in na ce babu tsakuwa, na yi wa matar da za ta dafa alkawari ne cewa ba sai ta tsince ba. Za ta yarda, ta wanke ta zuba a tukunya, mijinta ko ɗanta ya tauna. Ba Alhaji kaɗai za ta zaga ba, har da muryar da ta ji a rediyo, kuma kalmomin wannan murya nawa ne. Maigida ya ƙara da cewa ko ta fuskar doka ma ba wasa ba ne, tun da a 2022 aka mayar da APCON, hukumar da ke kula da talla, ta zama ARCON, kuma ƙa’idar ita ce a tantance talla kafin ta fita. Amma na ga ba dokar ce ta fi damunsa ba. Shekaran jiya ma ya sallami wani mai maganin gargajiya da ya zo da kuɗi a hannu yana so mu ce kwalba ɗaya tana warkar da cuta goma sha biyu.

Ya ɗauki makullin mota ya ce, “Taso mu je. Irin wannan ba a faɗa a waya.”

Injin yana bayan gari, a hanyar Kalgo. Muna tafe Maigida yana nuna mini wuraren da a da fili ne, yanzu duk rumbunan shanshera da ƙananan injina. Ya ce yana wurin da rakodarsa a Nuwamban 2015, ranar da Shugaba Buhari ya zo garin nan ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi na Anchor Borrowers. Bayan shekara guda aka fara sayar da shinkafar Lake Rice a Legas, ta haɗin gwiwar jihohin Kebbi da Legas, a 2017 aka buɗe babban injin WACOT a Argungu, ga kuma injin Labana a nan cikin gari. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, duk mai ɗan jari ya sayi inji. Irin su Alhaji a wannan guguwa suka shigo. Ba su da kuɗin manyan, ba su da sunan manyan, abin da ya rage musu shi ne mutanen da suka san su a kasuwar Jega da Kamba da Bunza. Shi ya sa nake ganin ƙaramin mai sana’a ya fi babba buƙatar a faɗi gaskiya a kansa: in ya rasa yardar waɗannan, ba shi da wasu.

Mun tarar da Alhaji a kan tabarma a gindin dogon yaro, ɓuntu ya yi masa fari a hula. Bayan gaisuwa Maigida ya ce, “Alhaji, amana ta kawo mu.” Ya miƙa masa ledar.

Fuskarsa ta canja. Ya ce waɗannan ba daga shinkafarsa suka fito ba, wataƙila faifan ne. Na durƙusa na ce, “Allah ya ƙara girma, Baba, ni na tsaya a kanta aka tsince.” Bai amsa mini ba. Ya kira yaron injin ya tambaye shi a gabanmu, yaron ya sunkuyar da kai ya ce ragar injin cire tsakuwa ta yage tun mako biyu da suka wuce, an aika Kano ba a kawo ba, su kuma ba su tsayar da aiki ba saboda masu jira. Na yarda Alhaji bai san abin ya kai haka ba, don yadda ya miƙe ya nufi ciki ba irin tafiyar mai ɓoye abu ba ce.

Yau na fara ganin injin nan da idona, bayan na yi mako ina rubutu a kansa. Wani faranti ne mai raga, a ɗan karkace, yana girgiza, iska na busowa daga ƙasa. Shinkafa ba ta da nauyi, sai iskar ta ɗaga ta ta gangara ƙasa. Tsakuwa kuwa tana manne da ragar, girgizar na tura ta sama har ta faɗa wata kafa daban. Ashe dabarar da Inna ke yi da faifai ce aka sa wa ƙarfe. In ragar ta yage ko iskar ta yi rauni, duk sai su bi hanya ɗaya. Tsakuwar kanta ba a gona take shiga ba galibi, a wurin sussuka da shanya ne, in an baza a ƙasa ko a gefen kwalta babu tamfol.

Suna can suna magana, ni na zagaya baya wurin mata masu gumi. Nan na fi daɗewa, kuma nan ne ranar ta juya mini. Su bakwai ne, da manyan tukwane da rabin duro a kan murhu. Shansherar da suka jiƙa tun jiya suke turarawa, in ɓawon ya fara tsagewa su kwashe su baza a tamfol, suna juyawa da ƙafa. Babbarsu, tsohuwa mai tsage a kumatu, ta ce mini gumi ne ke sa ƙwaya ta yi ƙarfi kada ta karye a inji, kuma in shanya ta yi gaggawa a rana mai zafi, ƙwayar tsagewa take yi ta ciki, sai a samu gutsattsari. Ta damƙo ɗaya ta ciza ta ce wannan sai gobe. Na tambaye ta, “Inna, in ke za ki yi wa shinkafar nan talla, me za ki ce?” Ta yi dariya ta ce, “Ɗiyata, mi za ni cewa? Mun san gonar da tah hito, mun san hannun da yag guma ta. Shi ke nan.”

Na rubuta a bayan takardata nan take, yadda ta faɗa, ban gyara harafi ba. Mako guda ina neman abin da shinkafar Alhaji ta fi ta manyan kamfanoni da shi, ga shi tsohuwa ta faɗa tana juya shanya. Kuma gaskiya ne, ana iya nunawa: manoman da yake saye a wurinsu na fadamar Gulbin Rima ne, ya san su da suna, matan nan kuma ga su. Na roƙe ta izinin amfani da maganar, na kuma ce wa Maigida a sa mata wani abu a lissafi, don ba kyauta za mu ɗauka ba. Ya amince.

Da na karanta wa Alhaji, ya ce da daɗi, amma shi dai “babu tsakuwa” yake so. Maigida ya ce masa, “Ran da raga ta zo, mu dawo mu ɗebi buhu uku da hannunmu a tsince. In ba a samu ba, ni zan naɗa maka layin kyauta in ƙara.” Alhaji ya ce zai yi tunani. Bai ce a ci gaba ba, bai ce a tsaya ba. Ya dai sa an daina ɗinke buhunan da aka casa a makon nan, wannan na gani da idona kafin mu shiga mota.

Mun dawo bayan azahar. Mai zane ya riga ya yi buhu kala biyu. Na farko yana da masunci da gora da homa, irin na bikin kamun kifin Argungu, don Alhaji ya taɓa cewa a sa abin da zai nuna Kabi. Hoton yana da kyau, amma duk wanda ya tashi nuna Kabi shi yake ɗaukowa, kuma mu ba kifi muke sayarwa ba. Na nuna masa hoton hannun tsohuwar da na ɗauka a waya, cike da shanshera, sai ya yi shiru ya jawo kujera. Ya ce koren da ke allon kwamfuta ba shi zai fito a jikin buhu ba, sai an rage launukan zuwa uku, a kuma bar gurbin lambar NAFDAC a ƙasa. Wannan fanninsa ne, na bar shi.

Da la’asar muka tada janareta. Situdiyonmu lungu ne da aka manna wa katifu a bango. Minti ɗaya a rediyo ba ya ɗaukar abin da ya wuce kalma 130 in ana so a ji kowace, ni kuma na rubuta 170, sai da na zubar da jerin sunayen kasuwanni da rabin kirarin. Wanda ya zo karantawa yana da murya mai kyau, amma da ya iso maganar tsohuwar sai ya mayar da ita “ta fito” da “ya guma”, ya ce haka ne daidai. Daidai ne a jarida, ni ma da irin wannan Hausar nake rubuta wannan kundi. Amma matar da ke sauraro a Gwandu ko Aliero tana jin bambancin wanda ke karanta mata takarda da wanda ke yi mata magana. Mun daɗe muna jin kunyar bakinmu a gaban makirfo, kamar Kabanci na cikin gida ne kawai, kuma abin yana yi mini ciwo. Sau shida ya maimaita, harshensa na komawa inda ya saba. A ƙarshe ɗalibin nan mai koyon aiki, wanda tun safe ba a ji muryarsa ba sai a aike, ya ce ko ya gwada. Ɗan Argungu ne. Sau ɗaya ya faɗa, Maigida ya cire abin kunne ya ce a bar shi haka. Saura ta Zabarmanci don mutanen Kamba da Dole Kaina, wadda sai mun samo mai faɗa gobe.

Har muka rufe ofis Alhaji bai kira ba. Maigida ya duba wayarsa sau uku a kan matakala, na gani, ban ce komai ba. Ya ce mana dai in cikon bai shigo ba kafin Juma’a, zai ba kowa rabi daga aljihunsa, sauran a yi haƙuri.

Na iso gida ana kiran isha. Inna ta dafa ragowar shinkafar da wake da mai da yaji, ta tsince ta tas. Tana da daɗi ƙwarai, ga ƙamshin sabuwa. Na kunna mata muryar a waya, ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake. Da aka zo wurin maganar tsohuwar sai ta tambaye ni, “Wagga ’yar wane gari ta?” Na ce ban tambaya ba. Ta ce gobe in tambaya, kuma in kai mata goro.