Injin Kumfa da Tankin Mafaka: Abin da Na Gani a Tankin Lita 600

Aikin farko da aka ba ni a shagon kifayen teku, a shekarata ta biyu ta karatu a Jamus, shi ne wanke kofin injin kumfa. Duk Asabar da safe sai in kwance kofin, in zubar da abin da ya taru ciki: ruwa mai kauri, launin shayin da ya kwana a buta, warinsa kuwa sai ka kau da kai. Maigidan shagon kan duƙa ya leƙa kofin kafin in zubar, kamar yadda makiyayi ke duba kashin dabbarsa ya gane lafiyarta.

Injin nan, wanda masu sana'ar ke kira sikima, aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Famfo ne ke farfasa iska ta zama ƙananan kumfa a cikin wani bututu. Maiƙo da furotin da suka narke a ruwa, daga kashin kifi da ragowar abinci, sai su manne a jikin kumfar, ta hau sama ta zube cikin kofi. Wato yana kwashe dattin tun bai ruɓe ba. A gefensa kuma, cikin tankin ƙasa da ke ɓoye a kabad, akwai mafaka: wani ɗan sashe mai fitilarsa, inda kifi ba ya shiga, ake kiwon wata gansakuka mai suna keto, kore shar, a cukurkuɗe kamar soson ƙarfe. Ita abincinta naitiret da fosfet ne, abin da ke saura bayan datti ya riga ya ruɓe. Duk bayan mako biyu mukan yage kashi ɗaya cikin uku mu fitar. Kwandon shara muke kaiwa, ba ma taɓa zubawa a magudana, domin kowa a wannan harka ya san labarin gansakukar Kolafa da aka fara gani a tekun Monako a 1984, ta bazu a Bahar Rum ta mamaye wuraren ciyawar teku.

Ni dai a lokacin gani nake ɗaya daga cikin biyun, inji ko mafaka, ya isa. Gardamar ma ta girme ni. Tun shekarun 1970 masu kiwon murjani (halittar teku mai rai da ake sawa a tanki) a birnin Balin na Jamus suka kafa hanyarsu a kan dutse mai rai (dutsen teku mai ɗauke da ƙananan halittu masu tace ruwa), haske mai ƙarfi da injin kumfa. A Amurka kuma Walta Adi na cibiyar Simisoniyan ya dogara da gansakuka wajen tace ruwa. Zuciyata ta fi karkata ga gansakukar, don shuka ce, ba ta ƙara, ga ƙananan ƙwarin ruwa da ke hayayyafa cikinta su gangaro su zama abincin kifi.

Sai aka damƙa mini tankin wani ofis, lita 600, kifi shida kacal a ciki. Injinsa babba ne, ya fi ƙarfin tankin, ni kuma na ƙara wa mafaka haske zuwa awa 16 a kullum. Cikin wata biyu awon naitiret ya nuna sifili, fosfet ma sifili. Na rubuta a littafina ina murna, a zatona na kai ƙarshen tsabta.

Murjanin ne ya fara faɗa mini gaskiya. Launinsa ya kwashe, ya koma fari-fari kamar tufar da rana ta ci. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan halittu masu sarrafa haske da ke ciyar da shi, su ma suna buƙatar ɗan naitiret da fosfet ɗin da na share tas. Keton kanta ta daina girma, ta fara fari tana marmashewa. Daga nan wani abu mai yauƙi, ruwan ƙasa, kamar majina, ya rufe yashi, da ƙananan kumfa maƙale a jikinsa. Da safe sai ka ga ya ragu, da la'asar ya dawo ya fi na jiya. Daino ke nan, wasu ƙananan halittun ruwa da ke yaɗuwa, annobar da ta fi samun fili idan ruwa ya talauce. Dodon koɗi uku suka mutu a mako guda.

Na ɗora laifin duka a kan injin, na kashe shi gaba ɗaya. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko haɗari. Kwana huɗu bayan nan na shiga ofishin da sassafe na tarar da kifayen a saman ruwa, suna buɗe baki da sauri, wani maiƙo ya shimfiɗu a kan ruwan. Ashe ban taɓa lissafa cewa injin nan, bayan kwashe datti, shi ke cusa wa tankin iska dare da rana ba. Da dare murjani da kifi da ƙwayoyin halitta duk shaƙar oksijin suke yi. Lafiyayyar keto da aka haska da dare takan cike wannan giɓi, ta shanye kabon dayoksaid ta hana ruwan yin tsami, amma tawa tana mutuwa, ruɓewarta ma ƙara cinye iskar take yi.

Maigida ya zo bai yi faɗa ba. Ya kunna injin, ya buɗe bututun kofin yadda abin da ya taru zai koma cikin tanki. "Iskar muke so yanzu," in ji shi, "dattin kuwa bar musu, yunwa suke ji." Ya rage hasken mafaka zuwa awa takwas, ya ce in ninka abinci, in riƙa ɗiga naitiret da fosfet daga kwalba har awo ya nuna wani abu. Raina bai so ba, ganin abin da na yi wata biyu ina cirewa ne nake mayarwa da hannuna. Sai da aka yi kusan mako bakwai kafin yashin ya yi fari, naitiret ya tsaya wajen 5, fosfet wajen 0.05.

Daga baya na karanta binciken Ken Feldman, malamin kimiyyar sinadarai a jami'ar jihar Fensilbeniya, wanda ya auna ya ga injinan kumfa ba sa cire fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na narkakken dattin da ke cikin ruwa. Wannan ya rage mini zargin da nake wa injin cewa yana wawushe komai. Tsarin kula da tanki na kamfanin Triton ma, da ya fito daga birnin Dusaldof na Jamus, haɗa biyun ya yi: babbar mafaka tare da injin kumfa.

Yanzu idan mai saye ya tambaye ni, kifi nawa gare shi nake fara tambaya, da irin murjanin da yake so. Ƙaramin tanki mai murjani mai laushi da kifi biyu ko uku, mafaka da canjin ruwa sun wadatar, ba na tura mutum ya kashe kuɗi a banza. Amma tanki mai kifi da yawa da murjani mai ƙashi irin Akirofora, ba na yarda a bar shi ba inji. Ranar da kifi ya mutu a bayan dutse ba wanda ya gani, keto sai ta yi kwanaki kafin ta taimaka, injin kuwa cikin sa'o'i kaɗan za ka ga kofi ya cika. Idan awo ya yi ƙasa da yawa, hasken mafaka nake ragewa, ko in bar keto ta ƙara mako ban yage ta ba. Injin ba na taɓa makunninsa.

Tankin ofishin nan yana nan, kifinsa sun kai goma sha ɗaya. A watan jiya na sa masa kifin mandarin, ɗan ƙarami mai zanen shuɗi da ruwan lemo, wanda da wuya ya karɓi abincin gwangwani. Wuni yake yi yana bin duwatsu a hankali, yana tsintar ƙwarin da ke fitowa daga mafaka, cikinsa kuma ya yi ɓul-ɓul.