Ƙumbar teku, guba da tsufa: aikin Michael Moore

Akwai wani masanin kimiyya da nake ganin masu maganar tsufa ba su cika ba shi haƙƙinsa ba, Farfesa Michael Moore da ya yi aiki a cibiyar binciken teku ta Plymouth a Ingila (ba ɗan fim ɗin Amurka ba fa). Shekara da shekaru ya yi yana nazarin ƙumbar teku, halittar nan mai ɓawo biyu da take manne a jikin duwatsun bakin ruwa tana tace ruwa dare da rana tana samun abincinta, to tunda ba ta zuwa ko'ina duk dattin da ke ruwan, man da ya malala, ƙarafa masu guba irin su tagulla da kadmiyom, a jikinta yake taruwa. Shi ya sa tun 1975 wani masanin teku, Edward Goldberg, ya kawo shawarar a riƙa amfani da ita wajen sa ido kan gurɓatar teku.

Shi Moore abin da ya dame shi shi ne me gubar take yi bayan ta shiga. Sai ya bi ta har cikin ƙwayar sel, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka gina jikin halitta, wurin wasu 'yan jakunkuna da ake kira laisosom, waɗanda Christian de Duve ɗan Beljiyam ya gano a 1955 har ya samu kyautar Nobel a 1974. Su ne masu kwashe shara a cikin sel, suna narkar da duk abin da ya lalace. In guba ta yi yawa sai fatar jakar ta yi rauni ta fara yoyo, ruwan narkarwar ya tsiyaye ya koma cin sel ɗin kanta.

Gwajin da Moore da abokin aikinsa David Lowe suka yi fice a kai wallahi yana burge ni saboda sauƙinsa. Za a ɗebi jinin ƙumbar da sirinji, a zuba masa wani jan rini, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ka ga rinin ya taru ɗigo-ɗigo cikin jakunkunan nan, daga nan kuma sai kallon agogo. Lafiyayyar ƙumba takan riƙe rinin awa 2 ko fiye, wadda ta sha guba kuwa kafin awa 1 jan ya bazu ko'ina cikin sel.

To ina ruwan wannan da tsufa? Akwai wani datti mai launin ruwan ƙasa, lifofusin, da laisosom ba ya iya narkarwa, shi ne yake taruwa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na tsokar zuciyar mutum yayin da shekaru suke ja. Shi ɗin dai ake gani jibge a cikin ƙumbar da ke zaune a gurɓataccen ruwa. Kenan ta wata fuskar guba tana yi wa sel cikin makonni abin da tsufa yake yi a hankali. Moore ya kuma nuna cewa in an rage wa ƙumba abinci, sel ɗinta suna ƙara himmar cinye sassansu da suka lalace, abin da ake kira otofaji, kuma hakan na taimaka mata ta jure guba. Wannan otofajin ne ya ba Yoshinori Ohsumi na Japan Nobel a 2016, shi a kan yis ya yi nasa aikin. Amma kar wani ya ce ai shikenan yunwa maganin tsufa ce, ƙumba daban mutum daban, gaskiya ina jin haushin masu saurin yin wannan tsallen.

Yanzu dai an saba auna masani da yawan takardun da ya wallafa da sau nawa aka ambace shi, musamman tunda wani masanin kimiyya, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ke haɗa waɗannan biyun a 2005. Ba laifi, amma ni abin da ya fi nauyi a wurina shi ne gwajin lafiyar laisosom ɗin nan ya fita daga mujallu ya shiga shirye-shiryen sa ido kan teku a arewa maso gabashin Atlantika da Bahar Rum, kuma ɗakin gwajin da ba shi da kuɗin manyan injina ma zai iya yi, in dai yana da madubi da rini da mai haƙurin zama ya duba.