Kwamfutar tace bidiyo da na haɗa

Wata uku na yi ina juya lissafi kafin na haɗa sabuwar kwamfutar tace bidiyo, kuma jiya ta gama aikinta na farko lafiya lau. Alhamdu lillahi.

Da farko duk hankalina yana kan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin girafik (mai sarrafa hoto), na ɗauka su ne komai. Ashe abin da ya daɗe yana ba ni wahala shi ne irin fayil ɗin da kyamarata ke fitarwa: bidiyo mai girman 4K a tsarin matse bidiyo na H.265, mai ɗauke da bayanan launi da yawa (10-bit, 4:2:2). Fayil ne matsattse, sai kwamfuta ta warware shi kafin ta nuna kowane hoto, shi ya sa tsohuwar kwamfutata ke sarƙewa ko da fankarta na ihu. Na zaɓi furosesan Intel mai Quick Sync don yana da sashe na musamman da ke wannan warwarewar. Yanzu ina jan bidiyon gaba da baya kamar ruwa.

A katin girafik, ma'adanarsa na duba kafin sauri, na ɗauki mai 16GB, domin manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve na jingina sosai a kansa wajen gyaran launi da share dishi-dishin hoto.

RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, 64GB na saka, ban yi jayayya da kaina ba.

Ajiya kuwa na raba biyu: faifan ajiya mai sauri na NVMe ɗaya na manhajoji, ɗaya na aikin da ke hannu. Faifan NVMe mai mahaɗin PCIe 4.0 kan kai saurin kusan 7,000MB a daƙiƙa, mai tsohon mahaɗi na SATA kuwa bai wuce 600 ba. Saura babban faifai na adana kwafin ayyuka, shi zan saka a makon gobe in sha Allahu.