Dukan Ruwa a Bakin Kogin Thames

Hajiyarmu ce ta matsa sai an je Landan kallon ayarin jiragen ruwa a Kogin Thames. Ta zo mana ziyara Birmingham daga Zariya, sai ta tarar ana ta shelar bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 60 a kan gadon sarauta. Ta ce tana yarinya aka ɗora ta a kafaɗa a Kaduna a 1956, lokacin da sarakunan Arewa suka yi wa Sarauniya hawan daba, don haka ba za ta zo har ƙasar matar ta koma gida ba ta sake ganinta ba. Wa ya isa ya yi musu da Hajiya?

Ranar Lahadi, 3 ga Yuni 2012, muka yi sammakon jirgin ƙasa, ni da uwargida da yara da Hajiya, ga kular shinkafa, ga fulas ɗin shayi. Tun kafin mu sauka a tashar Euston da ke Landan gari ya haɗe. Da muka gangara bakin kogi wajen Gadar Waterloo, ba masaka tsinke. Wasu a nan suka kwana don kama wuri. An ce mutane wajen miliyan ɗaya suka fito, ni dai abin da na fi gani shi ne lema da ƙeyar mutane da rigunan leda masu zanen tutar Birtaniya.

Yayyafi aka fara da shi, irin wanda ake rainawa har sai ya ratsa riga. Wata tsohuwar Baturiya ta ga Hajiya na kyarma, ta miƙo mata kujerarta ta naɗewa. Babu mai jin yaren wata, amma kafin wani lokaci sun raba shayinmu da biskit ɗinta.

Sai can da yamma aka ji ƙararrawa daga kan ruwa. Jirgi ne ɗauke da ƙararrawa takwas a gaban ayari, coci-cocin bakin kogi na amsa masa. Sai jirgin sarauta Gloriana mai ruwan zinariya, mutum 18 na tuƙa shi da filafili, sai kwale-kwale bila adadin. Da ƙananan jirage masu tutocin ƙasashen rainon Ingila suka iso, yara suka hango kore-fari-kore suka ɓarke da ihu, har na kusa da mu suka taya su tafi.

Sarauniyar kuwa, ɗigon fari kawai muka hango a saman jirgin Spirit of Chartwell. A majigin da aka kafa muka ga fuskarta, tana tsaye. Nan take Hajiya ta miƙe daga kujera.

"Hajiya, ki zauna mana, ƙafarki," in ji uwargida.

"Tsohuwa mai shekara 86 tana tsaye, ni zan zauna? Bar ni, 'yar nan."

Daga nan ruwa ya sauko da gaske. Lema ta zama banza, takalma suka cika, autarmu ta fara kuka. Har tsoffin jiragen da suka kwaso sojoji daga Dunkirk ta Faransa a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka wuce ban iya fiddo waya daga aljihu ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne jama'ar: ruwa na zuba a wuyansu suna waƙa, ba turereniya, ba mai zagin wani. A ganina masu shirya bikin sun yi ganganci da suka bar tsofaffi awa huɗu a iskar kogi. Shawagin jiragen sama da aka shirya ma soke shi aka yi.

A jirgin komawa kowa ya yi tsit, kujeru duk sun jiƙe. Washegari aka ba da labarin an kwantar da mijin Sarauniya, Yarima Philip, a asibiti. Hajiya ta ce, "Ai dole, tsoho ɗan shekara 90 a wannan sanyin," sannan ta aike ni neman citta da kanumfari, don yaran duk sun tashi da mura.